Ga masu zuwa Garwa da jakar bandeji: ku gyara takarda kafin ku taɓa ƙafar ɗan wasa

Tun farkon 2022, lokacin da Super Eagles suka yada zango a Garwa, suka doke Masar da ci 1-0 a filin Rumde Ajiya kafin Tunisiya ta sallame su a wannan filin ranar 23 ga Janairu, samarinmu na Najeriya suka gano cewa akwai ƙwallo a arewacin Kamaru. Wasu sun zo neman a ɗauke su 'yan wasa. Wasu kuma, waɗanda nake wa wannan rubutu, sun zo da jakar bandeji da man zafi, suna neman aikin kula da lafiyar 'yan wasa. Cikin watan nan kaɗai uku sun sallama mini a gida, kuma dukansu na same su a bakin ramin da na faɗa shekaru goma da suka wuce.

Ƙannena, ku fara sanin sunan aikin da kuke nema, domin da yawanku ba ku sani ba. A Amurka sana'a ce guda mai zaman kanta a fannin lafiya, ana kiran mai yin ta athletic trainer, sai mutum ya yi digiri na biyu ya ci jarrabawar hukumarsu kafin a bar shi ya tsaya a gefen fili. A nan an raba ta gida uku. Akwai kine, wato likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, mai takardar makarantar lafiya, shi ke jinyar rauni har ɗan wasa ya koma fili. Akwai mai horar da ƙarfin jiki, wanda ke tsara gudu da atisaye don numfashi ya daɗe, tsoka ta yi ƙwari. Sai na uku, wanda ake kira suwanyer, mai rugawa cikin fili da jaka da ƙanƙara in an busa usur, mai naɗe idon sawu kafin wasa, mai tausa bayan an tashi. Yawancinmu ta wannan ƙofa ta uku muka shigo. Babu abin kunya a ciki, amma kada ka je gaban shugaban kulob ka ce kai kine ne alhali iyakarka tausa. Tambaya biyu likitan kulob zai yi maka ya gano, kuma Garwa ba ta da girman da labari zai ɓata a cikinta.

Hanya da masauki ba sa buƙatar dogon bayani. Daga Mubi ka bi ta Sahuda ka fito Bukula, ka ratsa Gidar, ga Garwa. Ka iso ka tambayi masallacin Hausawa, ba za ka kwana a tasha ba. Mutanenmu sun daɗe a garin nan, mahauta da 'yan tireda da teloli da malaman allo, kuma har yau ban ga baƙon da suka bari da yunwa ba. Fulatanci ne harshen kasuwa da na 'yan mashin, za ka tsince shi a hankali. Faransanci kuwa ka neme shi da gaske, domin da shi koci ke magana, da shi ake rubuta rahoton rauni.

Inda na sha wuya shi ne takardun zama.

Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Na maimaita wannan har bakina ya gaji, amma kullum sai wani ya zaro mini katin tafiya na ƙasashen yammacin Afirka yana cewa ai da shi ya je Maraɗi da Kwatano. Nan wata shiyya ce. Mai fasfon Najeriya yana shigowa ba biza, amma na kwana 90 ne, kuma lissafin yana farawa daga hatimin da aka buga maka a kan iyaka. Wanda ya biyo ɗan mashin ta hanyar daji don gudun layi, ba shi da hatimi, ba shi da ranar shigowa, duk abin da zai nema daga baya sai ya tsaya cak. Wanda zai wuce wata uku kuwa dole ya nemi katin zama, kart de sejur, a ofishin shige da fice na 'yan sanda. Katin na shekara 2 ne, ana sabunta shi.

Ni na shigo da hatimina lafiya lau. Wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke ni ina naɗe ƙafafu, hannuna ya karɓu, 'yan wasa suka fara nemana da suna, sai na shagala. Da kwanakin suka kusa cika, wani mutum mai fara'a, wanda ke zama kullum a teburin mai shayin unguwarmu, ya ce in huta, shi ya san kowa, in ba shi fasfo da hotuna da kuɗi. Na ba shi abin da na tara na wata biyu, na ƙara da rancen da na karɓa wurin maigidana. Bayan mako guda ya dawo mini da fasfo da wata takarda mai hatimi shuɗi, ya ce ita ce resefise, shaidar cewa katina yana hanya. Na sa ta a leda na adana kamar takardar gado.

Wata biyar ina yawo da ita. Ranar da asiri ya tonu muna cikin motar kulob za mu buga wasa a Ngaundare. A wani shingen bincike jami'i ya karɓi takardar, ya ɗaga ta sama, ya juya bayanta, ya ce in sauko. Lambar da ke jiki ba ta cikin kowane littafi. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi. Abin da ban manta ba shi ne fuskokin yaran nan a tagogin mota, da mai tsaron ragarmu da na naɗe wa yatsa da asuba yana miƙo mini jakata ta taga, motar ta ja ta bar ni a bakin titi. Na kwana biyu a tsare. Wani dattijo cikin shugabannin Hausawan Garwa, wanda sau ɗaya tak muka taɓa gaisawa, shi ya hau mota ya zo ya tsaya mini. A hanyar dawowa bai yi mini faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne: "Yaro, zuwa da kai ya fi aike." Mai fara'ar nan kuwa ba a sake ganinsa a teburin shayi ba. Kulob ya sa wani a gurbina, kuma ban sake tsayawa a gefen fili ba sai bayan wata takwas.

Saboda haka ka je da ƙafarka. Ka karanta jerin abin da ake buƙata a ofishin, ka kwafe shi da hannunka. Za a nemi fasfo mai rai, da hotuna, da shaidar inda kake zaune, da shaidar abin da kake ci da shi, da kan sarki, wanda a nan ake ce wa tambur. Kuɗin yana da nauyi, ba zan ɓoye maka ba, ka fara tara shi tun ranar da ka sauka. Duk sisin da ka biya ka karɓi rasit. Shaidar wurin zama kuma tana nufin ka sami mai gidan haya da zai yarda ya rubuta maka takarda, don wasu sun fi son a yi ta da baki. Ka je da dattijo ɗan gari, magana takan yi sauƙi.

Akwai wani ƙaramin abu da ke kayar da manya: suna. Fasfo ya ce Muhammad, takardar makaranta ta ce Mohammed, takardar haihuwa ta ce Mamman, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata. A gida mun saba, kowa ya san mutum ɗaya ne. A nan harafi ɗaya yana mayar da fayil baya. Ka daidaita su tun kana gida, inda kotun rantsuwa take kusa da kai.

Sai takardar karatu. Wanda ya yi digirin gashi da motsa gaɓoɓi a Jami'ar Bayero ko ta Maiduguri, yana da rajista da hukumar sana'ar a Najeriya, ya zo da abu mai daraja, amma ba zai fara aiki da shi kai tsaye ba. Sai ma'aikatar ilimi mai zurfi da ke Yawunde ta auna takardar ta ba shi daidaiton ta, abin da ake kira ekibalans, sannan ya nemi rajista da ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta ƙasa. Tawa takardar ta koyar da wasanni da kiwon lafiya ce, kuma sai da na hau jirgin ƙasan dare daga Ngaundare zuwa Yawunde sau biyu a kanta, domin karon farko hoton takarda na kai, na baro ta asali a akwatin mahaifiyata. Ka zo da ta asali, da takardar sakamakon kowace shekara. Ingilishi harshen gwamnati ne a Kamaru tare da Faransanci, don haka takardarka ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Kuma in kulob ya ɗauke ka, ka nemi kwantiragi a rubuce. Kwantiragin baƙo sai ma'aikatar samar da aiki ta sa masa hannu. Yarjejeniyar baki ita ce ta sa na tafi hannu rabbana ranar da aka maye gurbina.

Wanda bai da takardar komai fa? Kada ya karaya. Ya fara da horon taimakon gaggawa na ƙungiyar Red Cross ta Kamaru. Ya nemi wata makarantar ƙwallon yara a Yelwa ko Pumpumre ya riƙa ɗaukar wa mai aikin jaka, yana kallo, yana tambaya. A Garwa akwai cibiyar horar da malaman wasanni ta gwamnati, CENAJES, babbarta kuma INJS tana Yawunde, ya je ya ji sharuɗɗan da suka shafi baƙi. FIFA tana da darussan likitancin ƙwallo kyauta a intanet, da tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+ wanda ke rage raunin gwiwa da cinya. Kowa idonsa na kan Coton Sport, kuma da dalili: kulob ne da aka kafa a 1986, kamfanin auduga na SODECOTON na bayansa, ya kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008 inda Al Ahly ta ɗauki kofin. Amma irin wannan gida ba a shigarsa da man zafi da daɗin baki. Ka yi shekaru a filin ƙasa tukuna.

Abin da ya fi ɓata mini rai game da sababbin zuwa shi ne ɗaukar aikin nan a matsayin tausa kawai. Yaro ya yi targaɗe, idon sawu ya kumbura, sai ka ga an kama ana murzawa da man zafi yana ihu. Wannan ƙara ɓarna ne. Kwana biyun farko hutu ake so, da ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, da naɗi, da ɗaga ƙafa. In ya kasa taka ta, a kai shi hoto. Ina girmama masu ɗorin gargajiya, kakana ma yana yi, amma jijiyar cikin gwiwa in ta tsinke babu karan da zai haɗa ta.

Ga zafin Garwa. A watan Maris da Afrilu yana haura digiri 40, iskar da ke tasowa daga Binuwai ma ɗumi gare ta. Ɗan wasan da ya fara tangaɗi yana magana ba kan gado, a fitar da shi, a kwarara masa ruwan sanyi nan take tun kafin mota ta iso. In azumi ya faɗo cikin bazara, ka zauna da koci a mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa. Ga kuma tramol, wanda ya yi wa samarin yankin nan illa. Ɗan wasa zai zo maka a ɓoye ya ce ka taimaka masa da ƙwaya ɗaya don ciwon ya lafa. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, kuma ko ba haka ba, ba da magani aikin likita ne.

Mu 'yan Najeriya muna tuna Samuel Okwaraji da ya faɗi a filin Legas ya rasu a 1989. Mutanen nan kuma ba su manta da Marc-Vivien Foé ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi a birnin Liyon na Faransa ranar 26 ga Yunin 2003 ana wasa da Kolombiya, bai tashi ba. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi irin wannan faɗuwa a 2021 ya tashi, saboda an fara danna masa ƙirji nan da nan kuma na'urar farfaɗo da zuciya tana kusa. Ɗan wasa ya zube ba wanda ya taɓa shi, ba ya numfashi daidai, ka ɗauka zuciya ce. Kada a tsaya ana cusa masa yatsa ko cokali a baki wai harshe zai haɗiye. A danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya ruga neman na'ura da mota. Wanda bai iya wannan ba bai kai ya ɗauki jakar ba tukuna.

Mafi wuya kuma shi ne cewa a'a. Yaro ya yi karo da kai, ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, koci yana daka maka tsawa, 'yan kallo suna zagi. Wanda kansa ya bugu har ya rikice ba ya komawa fili a ranar. Lokacin da nake yawo da takardar bogi, ko ban san ta bogi ba ce, na san ƙafata ba ta kafu ba, ba ni da kwantiragi, ina tsoron a ce in tafi, kuma sau ɗaya na bar wani yaro ya koma alhali idanunsa sun nuna mini bai dawo daidai ba. Allah ya tsare, bai sake karo ba. Yau da katina a aljihu da kwantiragina a rubuce, nakan dubi koci in ce ba zai koma ba, in zauna a bencina.

Cikin samari ukun nan, ɗaya ya koma Kano ɗauko takardunsa na asali da gyara sunansa. Na biyu ya rubuta suna a ajin taimakon gaggawa, yana bina fili da yamma yana riƙe mini ƙanƙara. Na ukun ya riga ya ba wani kuɗi kafin ya zo wurina, ya nuna mini takarda mai hatimi a cikin leda, saura kwana 19 wa'adinsa ya cika. Ranar Litinin da safe, in Allah ya kai mu, ni da dattijon unguwa za mu raka shi ofishin da ƙafarmu.