Yadda ake amfani da kalmar "tak" a harshen Danmak

Duk wanda zai je Kopenhagen, babban birnin Danmak, karatu ko aiki, kafin ya wahalar da kansa da nahawu, ya fara riƙe kalmar tak. Ma'anarta "na gode", amma aikinta ya wuce nan.

Da farko ka gyara furucinta. Gajeriya ce, kada ka ja wasalin, kuma "k" ɗin ƙarshe mai laushi ne, yana kusa da "g". In kana son ƙara mata nauyi sai ka ce mange tak, godiya mai yawa, ko tusind tak, godiya dubu.

Na biyu, ka sa ta a gurbin "don Allah". 'Yan Danmak ba su da kalma guda da suke roƙo da ita a maganar yau da kullum, tak ce ke ɗaukar wannan nauyi. A wurin mai sayar da kofi sai ka ce: En kop kaffe, tak, wato kofi ɗaya, don Allah.

Na uku, idan aka yi maka tayi, ka fito fili. Ja tak na nufin kana so, nej tak kuma ba ka so. A nan ne kawaici ke cutar mutumin mu. Mun saba mu ce mun ƙoshi, mu jira mai gida ya matsa. Can kuwa in ka ce nej tak ana iya ɗaukar maganarka yadda ka faɗe ta, a wuce da farantin.

Na huɗu, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci: idan ka gama cin abinci a gidan mutane, kafin ka tashi ka dubi wanda ya dafa ka ce tak for mad, wato an gode da abinci. Tun suna ƙanana ake koya wa yara wannan, don haka ana lura da baƙon da ya tashi bai faɗa ba. Za a amsa maka da velbekomme, wato fatan abincin ya amfane ka. Harafin "d" na mad zai ba ka aiki, domin mai laushi ne ƙwarai, ga sabon kunne har kamar "l" yake fita. Ka saurari masu harshen, ka riƙa maimaitawa.

In an tashi daga aiki ko aji, sai ka ce tak for i dag, wato an gode da yau. In ka sake haɗuwa da wanda ya karɓi baƙuncinka kwanakin baya, ka fara da tak for sidst, kamar yadda muke cewa "an gode fa da rannan". Ba a furta "d" ɗin sidst. Idan kai aka faɗa wa, ka mayar da selv tak, wato kai ma an gode, nan ma "v" ɗin shiru ne.