Yadda ake sake rufin kujerar jirgin ruwa kar ta ruɓe maka a damina ɗaya

Ƴan'uwa masu jirgi a Lagdo da masu ƙetarar da fasinja a bakin Binuwai nan Garwa, abin da na sha gani shine mutum ya sayo sabuwar leda ya lulluɓe tsohon soso yace ya gyara kujera. Wallahi asarar kuɗi ce, ruwan da soson ya sha yana nan ciki har da ƙarnin kifi.

Toh ka kwance kujerar ka kifa ta ka ɓamɓare tsofaffin ƙusoshin a hankali, kar ka yayyaga tsohuwar ledar dan da ita zaka auna sabuwa, ka shimfiɗa ka yanka ka bar rarar yatsa huɗu ko ta ina.

Katakon ƙasan kujerar shine maganar, kuma nan ni na ci ƙasa a karon farko. Na ganshi ta sama lafiya lau na mayar da shi, ashe cikinsa ya zama gari, ko wata uku ba'ayi ba ƙusoshin suka fara zarewa da kansu ledar ta saki baki. Ka caka masa tsinin wuƙa a gefe gefe da wajen ramukan noti, in ta shige ba gardama jefar dashi kawai. Sabon kuma ka huda masa ramuka biyar ko shida a tsakiya wanda ɗan yatsa zai shiga, ta nan ruwa zai tsiyaye iska kuma ta fita idan an zauna. Sannan fentin mai shafi biyu, baki bakin katakon da cikin ramukan ma su sha, ta nan ruwa yake fara shiga. Ka barshi ya bushe sosai ko da kwana biyu ne, nasan jirgi a tsaye ba kuɗi amma kayi haƙuri.

Soso ka sayi mai tauri, na katifa mai laushin nan wata ɗaya ya kwanta. Ka yanka shi ya ɗan fi katakon faɗi, ka saka masa farar leda mara kauri ta sama da gefe, ƙasan a barshi buɗe. Ledar rufi kuma banda baƙa, a zafin Maris da Afrilu ba mai iya zama a kanta, fara ko ruwan toka.

Ka shanya ledar rufin a rana ta yi laushi kafin ka ja, da sanyin safiya in ka ɗaura sai ta tattare daga baya. Fara bugawa daga tsakiyar kowane gefe, nan ɗaya can ɗaya kana ja, kusurwa ce ƙarshe ka naɗe ta ƙanana ƙanana. Ƙusa ko fin ɗin sitefula ka nemi wanda baya tsatsa, a kanti kace inoks, ya fi tsada amma shi ɗin ne. Yanke rarar, kar ta toshe ramukan nan, ka ɗaure kujerar a wurinta.