Kafin ka sayi sabon filawil wa motar gudu, ga abin da za ka duba

Yawancin masu neman filawil tambayarsu ɗaya ce, wanne ya fi rashin nauyi? Kuma wallahi ita ce tambayar da ya kamata ta zo daga baya, don kana iya sayen mafi sauƙin nauyi a kasuwa ka ɗaura, motar ta koma tana mutuwa a kowane go-sulo, giyabos yana ƙara kamar zai zube, kai kuma ka riga ka biya kuɗin sauke giya.

Filawil dai wannan faifan ƙarfen ne da ke ɗaure a gindin kiranshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, tsakanin inji da giyabos. Yana tara ƙarfin juyawa ya riƙe injin tsakanin bugun fistin da bugun fistin don kada ya riƙa fizga, a fuskarsa kuloci ke kamawa, haƙoran da ke gefensa kuma su kik ke cafka ya tada mota. Idan motarka otomatik ce to wannan maganar ba taka ba ce, abin da ke wajen siririn faranti ne daban.

Fara da abin da zai shiga motar. Ba sunan mota kaɗai za ka ba mai sayarwa ba, ka ba shi lambar inji, shekara, da irin giyabos ɗin da ke ciki, musamman in an taɓa canja inji ko giya. Ƙirga ramukan noti na kiranshaf. Injinan LS na Chevrolet yawanci noti 6 ne, amma LSA 8 ne, LS9 kuma 9, duk gida ɗaya amma ba sa ɗaukar na juna. Sai ka ƙirga haƙora. Tsohon ƙaramin V8 na Chevrolet yana da mai haƙora 153 da mai 168, na Ford yana da 157 da 164, kuma yawan haƙoran yana tafiya da faɗin filawil ɗin, wato in ka kuskure kik ɗinka ba zai kama ba ko ma faifan ya ƙi shiga kaskon giya.

Wanda ya fi haɗari shi ne balans. Wasu injina an daidaita su daga ciki, filawil ɗinsu ba ya ɗauke da wani nauyi na gefe. Wasu kuma an bar wani ɓangare na daidaiton a jikin filawil, za ka ga dunƙulen ƙarfe a gefe ɗaya ta baya. Injin Ford 302 misali ne da kowa ke bayarwa, na da yana amfani da nauyin auns 28, daga 1981 aka koma 50, kuma da ido kusan iri ɗaya suke, notin zai ɗauru lafiya lau. Sai ka tada mota ka ji tana karkarwa, in ka yi taurin kai ka ci gaba da hawa boris ɗin kiranshaf ne zai biya. Haka Chevrolet ta canja gindin kiranshaf a 1986, na kafin nan da na bayan nan ba sa musanya.

A motocin zamani akwai ƙarin abu, wasu sensar kiranshaf ɗinsu a jikin filawil take karatu, Nissan 350Z na cikinsu. In zanen haƙoran sensar bai yi daidai da na asali ba, ko aka ɗaura shi a karkace ba a bi fegin da ke nuna mazauninsa ba, motar ko dai ta ƙi tashi ko ta tashi tana shirme, makaniki ya yi ta canja fulogi da kwayil a banza. Sannan ka duba fuskar, shafaffiya ce ko mai mataki, da kuma irin kulocin, na turawa ne ko na ja, don filawil da kuloci tare suke tafiya. Ni shawarata ka saye su a saiti ɗaya daga kamfani ɗaya, ka huta da lissafi.

To yanzu maganar nauyi. Filawil mara nauyi ba ya ƙara wa inji doki ko ɗaya, abin da yake yi shi ne ya rage ƙarfin da injin ke ɓatawa wajen juya kansa, sai ragowar ya tafi taya. Shi ya sa za ka ji bambancin sosai a giya ta ɗaya da ta biyu inda injin ke hawa da sauri, a giya ta biyar kuwa da kyar ka ji komai. Allurar rebo, mai nuna saurin juyawar inji, tana tashi da wuri, tana faɗuwa da wuri, mai son saukar da giya a kwana yana taɓa totur zai ji daɗi ƙwarai.

Amma kilo kaɗai ba ya ba da labari. Inda nauyin ya zauna ya fi yawansa muhimmanci, don tasirinsa yana ninkuwa da nisa daga tsakiya, in nisan ya ninka biyu tasirin ya ninka huɗu. Ka ɗaura dutse a igiya ka wulwula, gajeriyar igiya da doguwa ba ɗaya ba ne a hannu ko da dutsen bai canja ba. Saboda haka filawil biyu masu kilo ɗaya, wanda aka rarake gefensa zai fi wanda aka rage wa tsakiya saurin hawa. In kamfani ya rubuta adadin wannan tasirin to shi za ka gwada, in bai rubuta ba kalli hoton bayan faifan ka ga inda suka cire nama.

Abin da za ka rasa kuma shi ne sauƙin tashi. Nauyin nan shi ke tura mota lokacin da kake sakin kuloci daga tsaye, in babu shi dole ka ƙara wuta ka riƙa goga kuloci, a hawa ga lodi ga esi a kunne sai ka ji kamar yau ka fara koyon tuƙi. Silo ma, wato aikin inji mota na tsaye, yakan yi rawa, balle in an sa wa injin kamshaf irin na tsere. Wasu motocin har birenbos yakan ɗauka injin yana mis ne ya kunna wutar gargaɗi alhali lafiyarsa ƙalau. Don haka in motar ita ce ta zuwa aiki kuma ita ce ta wasa ran hutu, tsaya a tsakiya, ka rage kamar kashi ɗaya cikin uku na nauyin asali ya isa. Mai tseren fili mai kwana-kwana shi ke da hujjar zuwa can ƙasa. Mai tseren miƙe kuwa da mota mai nauyi da taya mai kama ƙasa, sau da yawa nauyin taimakonsa yake yi wajen fizgar farko. Masu tobo kuma ra'ayi ya rabu, injin yana saurin kaiwa inda tobon ke buɗewa amma yana saurin faɗowa tsakanin giya da giya, sai hannunka ya zama mai sauri.

Sai babbar rigima, mai ɓari biyu ko mai ɓari ɗaya. Mai ɓari biyu, wanda ake rubutawa DMF, faifai biyu ne da sifirin a tsakani, kamfanin LuK na Jamus ya fara fitar da shi a 1985, aikinsa ya shanye girgizar inji kafin ta isa giyabos. Yana da nauyi, yana da tsada, yawanci ba a wanke fuskarsa, wato a goge ta da injin yanka ta koma sumul, a sake amfani da shi, kuma in ka ƙara wa inji ƙarfi fiye da abin da aka yi sifirin ɗin dominsa zai gaji da wuri. Shi ya sa mutane ke komawa mai ɓari ɗaya. Ba laifi, amma ka san girgizar da yake shanyewa ba ɓacewa ta yi ba, giyabos za ta koma, za ka riƙa jin ƙaf-ƙaf-ƙaf a silo da lokacin da ka taka wuta a ƙaramin rebo, in ka taka kuloci ta yi shiru. Kuma dole farantin kulocin ya zama mai sifirin a cibiya, don wanda ke zuwa da mai ɓari biyu galibi ba shi da su. Injin dizal ko mai silinda huɗu da tobo ya fi mai silinda shida a jere wannan ƙarar nesa ba kusa ba. In injinka yana nan yadda kamfani ya yi shi kuma kana son shiru, sabon mai ɓari biyu na LuK ko Sachs ko Valeo ba abin kunya ba ne.

Ƙarfen da aka yi shi ma abin dubawa ne. Na zubi irin na kamfani yana da arha amma ba ya son rebo mai yawa, kuma don Allah kada ka kai shi wajen mai injin yanka ya fefe maka don ya yi sauƙi, in ya tarwatse a rebo 7000 gutsattsarin suna huda kaskon giya, ƙafafunka kuma nan kusa suke. Na ƙarfen kuromoli shi na fi so wa motar titi, guda ɗaya ne, yana jure zafi, ana iya wanke fuskarsa. Na alminiyam ya fi kowa sauƙi, ana ɗaura masa fuskar ƙarfe da za a iya kwancewa a canja, irin na Fidanza, amma ka duba yadda aka kafe zoben haƙoransa don alminiyam da ƙarfe ba sa buɗewa daidai in sun yi zafi. In za ka shiga tsere nemi mai shaidar SFI 1.1, wato shaidar ingancin kayan tsere, hukumomin tsere irin NHRA ta Amurka suna tilasta shi in mota ta kai wani mataki na gudu, kuma shaidar tana da wa'adi, duba kwanan watan da ke jiki.

Tunda giyabos zai sauka, canja sil ɗin bayan kiranshaf, da ƙaramin boris na tsakiya, da boris ɗin sakin kuloci, ba wanda ke son sauke giya sau biyu saboda ɗigon mai. Sa sabbin notuna, a motoci da yawa na asalin miƙewa suke in an ɗaure su sau ɗaya, kuma ka tabbatar da tsawonsu don kaurin sabon filawil yana iya bambanta. A ɗaure da sifana mai auna ƙarfin ɗauri a bi gicciye, da gam ɗin da ake sa wa zaren noti in littafin motar ya ce a sa, a wasu injina ramukan sun zarce har cikin mai. A wanke man da aka shafa wa fuskar don hana tsatsa kafin a ɗora kuloci. Bayan an haɗa ka yi kamar kilomita 800 na tuƙin gari a hankali, tsayawa da tashi, ba fizga ba ƙona taya, sai fuskokin biyu sun zauna da juna tukuna ka buɗe mata wuta.