Kwandalar tarihi: kurakuran da ke karya mata daraja

Wani maƙwabcinmu a Mabera ya kawo mini kwandalar azurfa da mahaifinsa ya bari, tana ƙyalli kamar sabon faranti. Na ce, "Alhaji, me ka yi mata?" Ya ce toka da lemon tsami. A nan ya kashe ta. Irin wannan kwandala, wadda aka buga don tunawa da wani biki ba don cefane ba, darajarta tana fuskarta. Masu tarawa sun fi son dushewar da shekaru suka kawo a kan ƙyallin da aka samu da gurza, domin gurza tana barin ƙananan zane da ba sa gyaruwa. Kada a wanke ta. In za a ɗauka, a riƙe ta gefe, gumin yatsa ma tabo yake bari.

Sai ruɗin shekara. Liyarin nan, wato kuɗin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Taresa, wanda fatake suka yi ciniki da shi a ƙasar Hausa, 1780 aka rubuta a jikinsa, amma har gobe ana buga sabo a Ostiriya da wannan shekarar. Saboda haka ganin 1780 ba hujjar tsufa ba ce. Abin dubawa nauyi: na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya. A kuma kara maganaɗisu. In ta manne, ba azurfa ba ce, ba zinariya ba ce. In ba ta manne ba ma a dai auna, tagulla mai ruwan zinariya ba ta mannewa, kuma ita ce ta cika Facebook.

Wasu kan huda ta a yi wa amarya sarƙa. Da an huda, ta koma kuɗin ƙarfenta kawai. Haka mai kai ta wurin maƙeri a Babbar Kasuwa: shi sikeli ya sani, zai biya ka nauyi ya narkar.

Akwatinta da takardar shaidarta kuwa, kada a bai wa yara. Tare ake sayar da su. A bar ta cikin kwanson robarta, nesa da ƙurar hunturu da laimar damina.

Anini da kwabo mai huji na zamanin Turawa, da aka daina kashewa tun da daɗewa, an buga su da yawan gaske. Duk wanda ya ce na kakarka zai saya maka gida, riƙe aljihunka.