Yadda Za Ki Bi Diddigin Burin Ɗinkinki Na Shekara

Duk mai ɗinki a Yamai ta san lokutan da aiki ke shaƙe mata wuya: azumi har zuwa Ƙaramar Salla, Babbar Salla bayan wata biyu da kwana goma, ankon 13 ga Mayu na ranar matan Nijar, sai kayan ƴan makaranta kafin Oktoba. A cikin wannan hidima ne burin da kika ɗaura wa kanki yake salwanta, ko na koyon surfani ne, ko na gama zanen gadon da kika fara saƙawa tun bara.

Da farko ki sayi kaye guda, ki keɓe shi don wannan kaɗai. A shafin farko ki jera watanni 12, ki yi wa lokutan cunkoso alama da jan bik. Kada ki kwafi na bara, domin Salla tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Watannin da suka rage fari, su ne naki.

Sannan ki rubuta burin, uku ko huɗu sun isa, kuma ya zama abin da ake iya ƙirgawa. "Zan ƙware a ɗinki" ba ya ƙirguwa. "Rigunan yara 12, wuyan riga 5 da surfanin hannu, jaka 6 na saƙa", wannan ko ƙanwarki ta duba za ta gaya miki inda kika tsaya.

Yanzu ga wurin da na fi ba muhimmanci. Kowane aiki ki ba shi shafinsa. Ranar da kika sa almakashi, ki yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu daga atamfar ko shaddar, ki ɗinke shi a saman shafin da zare. A ƙasansa ki rubuta awo, ranar yanka, da abin da kika kashe a Babbar Kasuwa: yadi, zare, zik, maɓalli, har kuɗin taksi. Ki bar layi ɗaya babu komai, na ranar gamawa. Bayan wata shida rubutu zai iya rikita ki, amma da kin ga ƙyallen nan za ki tuna rigar da mai ita.

Gamawa kuwa tana da sharaɗi. Rigar da ba a kafa mata maɓalli ba, ba a yi mata kalmasa da guga ba, ba ta shiga lissafi, ko da saura aikin minti goma. A nan yawancinmu muke ruɗin kanmu, leda cike da kayan da "saura kaɗan". A ganina, idan shafuka uku suna jiran ranar gamawa, kada almakashi ya taɓa sabon turmi.

Kowace Juma'a da yamma ki buɗe kayen, ki cike abin da ya samu. Ƙarshen wata ki ƙirga gamammu, ki rubuta adadin a gaban watan a shafin farko, ki ɗauki hotonsu da waya kafin masu su su karɓe.

Bayan Babbar Salla ki zauna ki yi bita da gaske. Idan kin sa riguna 12 kuma 3 kika gama, ki duba shafukan ki ga dalili: kayan mutane ne suka cinye lokacin, ko kuɗin yadi ne ya gagara? Ki rage adadin zuwa abin da watannin da suka saura za su ɗauka. Idan kuma kin lura zafin Afrilu da Mayu da ɗaukewar wuta ne suka tsayar da keken lantarki, to baɗi ki ajiye wa waɗannan watanni aikin hannu, surfani da saƙa da jera duwatsu, abin da za ki yi a tabarma a inuwa.