Yadda Ake Haɗa wa Kyanwa Abinci a Gida Ba Tare da An Cutar da Ita Ba

Kowa ya san kyanwa nama take so. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tsoka zalla, komai kyaunta da yawanta, ba ta riƙe kyanwa. Idan ta kama ɓera ba tsokarsa kaɗai take ci ba, tana haɗawa da ƙashi da hanta da zuciya da ruwan jikinsa, kuma kowanne akwai aikin da yake yi mata. Wanda zai ɗora wa kyanwa tukunya, aikin da ke gabansa shi ne ya tara mata a kwano abin da ɓeran nan yake ba ta. A nan gizo ke saƙar, domin a shekarar 2019 masana a Jami'ar Kaliforniya da ke Davis, a Amurka, sun bincika hanyoyi 114 na haɗa abincin kyanwa da suka tattaro daga littattafai da intanet, ba su sami ko ɗaya da ta cika duk abin da jikin kyanwa ke buƙata ba. Wasu ma har albasa da tafarnuwa suka ce a zuba, alhali guba ne ga kyanwa. Ba don a karya wa kowa gwiwa na kawo wannan ba, sai don a shiga aikin da ma'auni a hannu.

Mataki na farko: san abin da jikinta ba ya iya yi

Mutum da kare suna iya cin karas jikinsu ya mayar da shi bitamin A. Kyanwa ba ta iyawa, dole sai ta same shi a shirye daga hanta ko gwaiduwar ƙwai. Shan hantsi ba ya ba ta bitamin D yadda yake ba mu. Zaƙi ma ba ta jin sa a harshenta, don haka duk wani abu mai suga ba gata ba ne a wurinta.

Babba a cikinsu shi ne sinadarin tawurin, wanda ake rubutawa taurine a jikin kwalba. A jikin dabba ake samun sa, ya fi yawa a zuciya da naman cinya, kuma kyanwa ba ta iya samar da isasshe da kanta. Tun 1975 aka gano cewa rashinsa yana lalata idon kyanwa har ta makance. A 1987 kuma likitan dabbobi Paul Pion da abokan aikinsa suka nuna cewa rashinsa ne ke sa zuciyar kyanwa ta saki ta kasa harba jini, abin da ya sa kamfanonin abincin dabbobi suka ƙara yawansa a kayansu. Abin tsoro game da wannan rashi shi ne ba ya nunawa da wuri. Kyanwa za ta yi watanni tana ci tana wasa, sai daga baya a ga tana haki ko tana karo da kujera.

Mataki na biyu: tanadi kaya, kuma a auna su

Kafin nama, a nemi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram. Kintace da ido ba ya aiki a nan. Ga abin da ake buƙata na haɗin kilo ɗaya, kuma ɗanye ake auna shi:

- cinyar kaza da aka zare wa ƙashi, a bar rabin fatar: giram 750
- zuciyar kaza: giram 150
- ƙundu: giram 50
- hanta: giram 50
- ƙwai 2
- garin ɓawon ƙwai: cokalin shayi 1 a shafe
- ruwa: kofi 1, wato kusan mililita 250
- garin tawurin: miligiram 1,000 zuwa 2,000
- man kifi, bitamin E, rukunin bitamin B da ayodin, gwargwadon yadda likitan dabbobi ya tsara

Cinya ta fi ƙirji, domin ta fi shi kitse da tawurin, kuma kyanwa da kitse take samun ƙarfi. Ana iya musanya kaza da talo-talo ko zomo ko naman sa daga lokaci zuwa lokaci, hakan ma ya fi, kada ta saba da abu ɗaya ta ƙi sauran.

Hanta kuwa a tsaya a giram 50 ɗin nan, ko da kyanwar tana kuka a kanta. Kyanwoyi suna mutuwar son hanta, masu su kuma suna jin daɗin ba su, amma bitamin A ba ya fita ta fitsari, taruwa yake yi. Kyanwar da aka daɗe ana cika wa hanta, ƙasusuwan wuyanta suna iya yin tsiro su manne da juna, har ta kasa juya kai ta lashi jikinta. Idan abin ya kai haka, ba ya warwarewa.

Akwai garin da ake sayarwa wanda aka haɗa duk waɗannan sinadarai a ciki don masu dafa wa kyanwa. Wanda ya samu ya huta, sai dai ya karanta takardar da kyau: idan akwai kalsiyam a ciki, wato sinadarin da ke gina ƙashi, kada a sa ɓawon ƙwai, idan akwai bitamin A kada a sa hanta.

Mataki na uku: ɓawon ƙwai

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi saurin nuna illa. Tsoka cike take da sinadarin fosfaras, kalsiyam ɗinta kuwa ɗan kaɗan ne, alhali jikin kyanwa yana son su zo kusan daidai, kalsiyam ya ɗan rinjaya. Idan bai samu a abinci ba sai ya koma yana zarar kalsiyam daga ƙashi. Ɗan kyanwar da aka raina da tsoka zalla, cikin 'yan makonni za a ga yana ɗingishi, ƙafafunsa sun lanƙwashe, ɗan tsalle kaɗan ya karye.

Gyaran ba wuya. A wanke ɓawon, a tafasa shi minti goma don kashe ƙwayoyin cuta, a busar da shi sarai a tanda ko a kasko mai ƙaramar wuta. Sai a daka ko a niƙa shi har ya yi laushi, a tankaɗe da rariya mai ƙananan ido, domin ɓarɓashi mai kaifi yana damun ciki. Ɓawon babban ƙwai ɗaya yana ba da kusan cokalin shayi ɗaya, wato kimanin miligiram 2,000 na kalsiyam, daidai abin da kilo ɗaya na nama ke nema. A zuba ragowar a kwalba mai murfi.

Kada a ce za a ba ta ƙashin kazar da aka dafa a madadin wannan. Dafaffen ƙashi tsagewa yake yi, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji.

Mataki na huɗu: dafuwa

Akwai masu ba da nama ɗanye, suna cewa haka take ci a daji. Ni dafawa nake goyon baya. Ɗanyen nama yana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela, da kuma ƙwayar toksofilasma da ke fita ta kashin kyanwa, wadda ke da haɗari ga mace mai juna biyu. A ƙarshen 2024 an sami kyanwoyin da suka mutu a Amurka da murar tsuntsaye bayan sun ci ɗanyen naman tsuntsaye ko sun sha ɗanyar madara. Ba kyanwar kaɗai ake karewa ba, har da yaran da ke ɗaukar ta suna sumbata.

A yanka cinya da zuciya da ƙundu ƙanana, a zuba a tukunya da kofin ruwan nan, a rufe, a bar shi a kan wuta kaɗan-kaɗan minti 15 zuwa 20. A jefa hanta a minti biyar na ƙarshe. Ya nuna idan babu sauran ja a tsakiya, mai ma'aunin zafi kuma ya tabbatar ya kai digiri 74 a ma'aunin Salsiyas. Ƙwan a dafa shi daban ya yi tauri, domin ɗanyen farin ƙwai yana hana jiki amfana da bitamin biyotin.

Ba mai, ba gishiri, ba yaji, ba dunƙulen ɗanɗano. Tukunyar za ta yi maka lami a hanci, ita kuwa a wurinta ta yi daidai.

Romon kada a zubar ko ɗigo. Tawurin narkewa yake yi ya koma cikin ruwa, wanda ya tsiyaye romo ya zubar da abin da ya sayi zuciyar dominsa. Ga kuma wata fa'ida: asalin kyanwa daga dabbar busasshiyar ƙasa ce, ba ta cika jin ƙishirwa ba, daga abinci ta saba samun ruwa. Abinci mai romo yana taimakon ƙodarta da mafitsararta, musamman muzuru, wanda hanyar fitsarinsa ke saurin toshewa.

Mataki na biyar: haɗawa

A bari ya huce tukuna, domin zafi yana kashe bitamin B1. A kaɗa garin ɓawon ƙwai da tawurin da sauran sinadaran a cikin romon, a niƙa hanta da ƙwai da yawancin naman, sannan a juya duka sosai. Idan ba a juya ba, rabon yau zai kwashe kalsiyam na gobe ya rasa. Yana da kyau a bar ƙundu da ɗan nama a gutsuttsure don ta sami abin taunawa. Amma idan mai tsince-tsince ce, mai cinye hanta ta bar saura, gara a niƙe komai.

Mataki na shida: rabo da ajiya

Kyanwa babba mai nauyin kilo 4 tana buƙatar kalori (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) 200 zuwa 250 a yini, saboda haka wannan tukunya za ta kai ta kusan kwana takwas. A raba gida takwas a ƙananan mazubai masu murfi. Na kwana biyu ko uku a firji, saura a firiza, inda zai iya kai wata biyu. Kowane dare a sauko da na gobe cikin firji ya narke a hankali. Rabon yini a kasa shi biyu ko uku.

Kyanwa ba ta son abinci mai sanyi. A tsoma mazubin a ruwan ɗumi har ya kai ɗumin jiki, ƙamshin zai tashi ta zo da kanta. A zuba a faranti mai faɗi na tangaran ko ƙarfe, abin da ta rage kuma a kwashe bayan kamar rabin awa, balle lokacin zafi.

Mataki na bakwai: sauyi a hankali

Kada a wayi gari a canza mata abinci gaba ɗaya. Kwana uku na farko a sa kashi ɗaya cikin huɗu na sabon a cikin tsohon, sannan rabi, sannan kashi uku, har a kammala cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Idan gudawa ko amai ya ɓullo sai a koma baya a rage.

Wata kyanwar za ta shinshina ta juya baya. A nan ne wasu ke cewa a ƙyale ta, yunwa za ta koya mata. Wannan dabara tana kisa. Kyanwar da ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yana kwarara ya cika mata hanta har ta daina aiki. Idan ta ƙi, a mayar mata da abin da ta saba, a ajiye ɗan sabon a gefen faranti kullum har ta yarda. Idan kuwa ta yi yini da kwana ba ta taɓa komai ba, maganar likita ce.

Abubuwan da ba sa shiga kwanonta

Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, shi ya sa ragowar miyar mutane ba tata ba ce. Cakulan, kofi, shayi, barasa, inabi da zabibi duk a nisanta su. Madara tana sa yawancin manyan kyanwoyi gudawa, domin bayan yaye cikinsu ya rage iya narkar da sugan da ke cikinta. Kifi a ba ta dafaffe, jefi-jefi: ɗanyensa na wasu nau'o'i yana lalata bitamin B1, yawan kifi mai maiƙo kuma yana cinye bitamin E har kitsen jikinta ya kumbura ya riƙa yi mata zafi. Shinkafa ko dankali ba guba ba ne, amma gurbin nama suke cinyewa. Cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa yana taimakon wadda kashi ke yi wa wuya. Sannan ko da ba abinci ba ne dole in faɗa: ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe kyanwa.

Bayan an fara

A riƙa auna ta duk mako biyu: ka hau sikeli da ita, ka hau kai kaɗai, ka debe. Ka shafa gefenta, ya kamata ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin ɗan kitse amma kada ido ya gan su. Gashi ya yi sheƙi, dasashi ya yi ja-ja. Ɗingishi, sunkuyar da wuya, tangaɗi, haki ko farin dasashi, kowanne ya isa a garzaya asibitin dabbobi, kuma a tafi da takardar abin da ake zubawa a tukunya da adadinsa.

Wannan haɗi na kyanwa babba ce mai lafiya. 'Ya'yan kyanwa, da mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda ko suga ko tsakuwar mafitsara, kowacce lissafinta daban ne, likita ne zai tsara. Wanda kuma bai sami tawurin da bitamin ɗin nan ba, kada ya dogara da girkin gida kaɗai. Ya riƙe cikakken abincin kyanwa na kamfani a matsayin na kullum, na gida ya zama ƙari da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da take ci a yini ba.