Yadda ake kafa kwamitin kula da masu aikin sa-kai a ƙungiyar matasa

A Damagaram tara matasa ba wuya. Ka faɗa a fada biyu ko uku cewa ranar Asabar za a yashe lambatu a Garin Malam, ka sa saƙon murya a WhatsApp, gari na wayewa za ka ga samari tim da shebur da tsintsiya. Wuyar tana wata na uku, lokacin da taron ya zube saura 'yan biro, wato shugabannin ƙungiya, da abokansu. Sai shugaba ya ce yaran yanzu ba su da kishi. Gaskiyar magana, a cikin ƙungiyar babu mutum ɗaya da aka ɗora wa nauyin sanin wane ne ya daina zuwa, da abin da ya hana shi. Kowa yana kula da aiki, ba mai kula da masu yin aikin. Kwamitin da nake magana a kai wannan giɓin yake cikewa.

Ba zan tsaya kan takardun kafa ƙungiya ba. Na ɗauka kuna da biro da dokokinku, kun kuma yi rajista bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984, ko kuna kan hanya.

Su wa za a sa

Mutum biyar sun isa, uku ma sun isa idan ƙungiyar ƙarama ce. Shugaba ba ya ciki, ma'aji ba ya ciki. Wannan ba na sassautawa a kai, domin rabin kukan da masu sa-kai ke yi a kan biro ne, gwano kuwa ba ya jin warin jikinsa. Yaron da shugaba ya yi wa tsawa a gaban mutane ba zai kai ƙara wurin shugaba ba, gida zai tafi ya kashe waya.

A sa mata biyu. Idan ɗaya ce, za ta zauna ta yi shiru har a tashi. A sa wanda bai cika shekara da shiga ba, shi ne bai manta yadda baƙunta take ba. A sa mai iya rubutu da Faransanci saboda wasiƙu. Kada dukansu su fito daga unguwa ɗaya: in 'yan Birni ne kaɗai, ɗan Kara-Kara ko na Tudun Jamus zai ga kamar ƙungiyar ta wasu ce, shi ɗan rakiya ne.

Na biyar dattijo ne ko dattijuwa. Ku nemi tsohon malamin lakwal, ko wanda ya daɗe a Kuruwa Ruj, ko wanda ya yi samariya, ƙungiyar matasa ta zamanin Seyni Kountché, tsakanin 1974 da 1987. Waɗannan sun san gayya, sun san yadda ake fito da unguwa guda a gina aji. Amma ku tuna masa da ladabi cewa samariya tana da gwamnati da sarakuna a bayanta, ku kuwa ba ku da abin tilasta kowa. Amfaninsa shi ne shiga gidan da ku ba za ku iya shiga ba, da raba faɗan da ya fi ƙarfinku. Ba a ba shi jagorancin kwamitin.

Ba sai kun taɓa dokokin ƙungiya ba. A babban taro a amince, a rubuta a takardar zama, wa'adi shekara ɗaya.

Kaye ɗaya

Ku sayi kaye mai bango mai kauri. Kwamfuta tana da kyau, sai dai wuta tana ɗaukewa, mai kwamfutar kuma yana tafiya Yamai da ita. Kowane mai sa-kai shafi guda: suna, unguwa, lambar waya, kuma wayar tasa ce ko ta yayansa, abin da ya iya, abin da yake son ya koya, da lokacin da ba ya gari. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa. Da damina ta faɗi wasu suna gona har kaka. 'Yan BEPC da Bak, masu shirin jarrabawar sakandare, ba naku ba ne daga watan Mayu har a gama jarrabawa. Bayan girbi wasu sun yi Kano ko Agadas ci-rani. Wanda ya san wannan ba zai sa babban aiki a lokacin da rabin mutanensa ba sa nan ba, ba zai kuma kira ɗan ci-rani maci amana ba.

Sai a raba sunayen. Kowane ɗan kwamiti ya riƙe mutum goma, kada ya wuce. Wanda aka yi aiki biyu ba a gan shi ba, mai riƙe da shi ya kira shi, ko ya je har fadarsu ya zauna a sha shayi. Saƙon da aka jefa a rukunin WhatsApp ba kira ba ne. Kuma ba a fara da "me ya sa ba ka zo ba". "Ƙanena, kwana biyu, lafiya dai ko?" ya wadatar, sauran shi zai faɗa da bakinsa.

Sabon shiga

Ranar da ya zo, ranar zai riƙe wani abu, ko da rubuta sunayen waɗanda suka halarta ne. A haɗa shi da tsohon hannu na wata ɗaya. A ranar kuma a gaya masa a fili cewa nan babu albashi. Da yawa suna zuwa da tunanin irin masu sa-kai na ƙasa ne da hukumar ANVD ke ɗauka da kwantaragi, ko kuma ƙofar shiga porje ce. Gara ya ji daga bakinku ya juya tun yau.

'Yan mata da duk wanda bai kai shekara 18 ba, sai an je gida. Dattijon kwamiti da mace ɗaya su yi sallama bayan la'asar: "Baba, 'yarku ta nuna sha'awar aikin da muke yi, mun ce ba za mu rubuta sunanta ba sai da izininku. Ga inda muke taruwa, kafin magariba tana gida, ga lambar Hajiya." Kuma a cika wannan alkawari. Taro ɗaya da ya kai isha'i ya isa ya raba ku da 'yan matan layi guda. Babba ba ya keɓewa da yaro ko yarinya, ba a ɗaki ba, ba a kan babur ba. A rubuta, a karanta wa kowa.

Kujerar horo da kuɗin zama

Nan ne ƙungiyoyi suke mutuwa, don haka zan daɗe a nan.

Da ƙungiya ta fara suna, wasiƙu za su fara zuwa. Wani porje yana horo na kwana uku, a turo mutum biyu. Akwai abincin rana, akwai takardar shaida, akwai ambulan na fardiyam, wato kuɗin zama, ranar rufewa. Wasiƙar a hannun shugaba take sauka, sau da yawa ana gobe za a fara. Shi kuma ya ɗauki kansa da sakatare, ko ƙanensa, ya ce lokaci ne ya ƙure. Ba ya ma ganin ya yi laifi. Ran nan sai hoto ya fito a Facebook: su biyu da farar riga da hula mai tambari, suna riƙe da takarda. Yarinyar da ta yi wata shida tana bin gida-gida cikin rana tana ganin hoton. Ba za ta ce uffan ba. Asabar mai zuwa za a ce tana da biki, ta gaba ma haka.

Maganin a rubuce yake, kuma kafin wasiƙa ta farko ta zo ake rubuta shi, domin da kuɗi sun bayyana kowace doka za a ce don wani aka yi ta.

Duk gayyata, ko ta waya ce, tana zuwa ga kwamiti a ranar da ta iso, a ɗauki hotonta a sa a rukuni kowa ya gani. Kwamiti yana da jerin layi a shafin ƙarshe na kaye, an jera mutane bisa yawan fitowa aiki, ba bisa daɗewa ko muƙami ba. Wanda ya je ya koma ƙasan layi. Idan kujera biyu ce, ɗaya ta mace ce. Idan masu gayyatar sun ce lallai shugaba suke so, to ya je, amma an ƙirga masa, kujera ta biyu kuma ta mai layi ce. Da wannan jeri a hannu, ko da tsakar dare gayyata ta zo an san mai tafiya, hujjar ƙurewar lokaci ta faɗi.

Za a ce ai horon da Faransanci ake yi, wane bai yi lakwal ba. Wani lokaci gaskiya ne. To a tsallake shi a wannan, amma yana nan a saman layi, kuma aikin farko mai ɗan alawus da ba ya bukatar boko, irin rabon gidan sauro ko zagayen rigakafi idan an nemi ku ba da mutane, nasa ne. Mai jin Barbarci ko Fillanci ma ya fi ɗan jami'a amfani a wasu ƙauyukan. Irin wannan aikin shi ma layi yake bi, kada a ware shi a ce ai wannan daban ne. Shi ne ma aka fi yin rigima a kansa.

Kuɗin fa? Wasu ƙungiyoyi suna karɓe ambulan ɗin gaba ɗaya su zuba a asusu. Ban yarda da wannan ba, yana koya wa mutane ɓoye gayyata ne kawai. Wasu kuma ba sa taɓa ko dala. Ni abin da nake sa wa shi ne kashi ɗaya cikin biyar: wanda ya samu jika goma ya kawo jika biyu, a rubuta a gabansa. Da waɗannan kuɗin ake mayar wa mutane kuɗin kabu-kabu da na katin waya. Mai sa-kai ya ba da lokacinsa da ƙarfinsa, bai kamata ya ci bashin dala arba'in don ya zo ya yi muku aiki ba.

Sharaɗi na ƙarshe: wanda ya je horo, cikin mako biyu zai tsaya gaban sauran ya koyar da abin da ya ji, da Hausa. In bai yi ba, sunansa ba ya komawa layi. Za ku sha mamakin yadda wannan ke rage masu zuwa don ambulan kawai.

Kada kuma ku zauna jiran porje. Horo na cikin gida kusan kyauta ne. Ku roƙi aron aji ranar Lahadi, ku gayyato ma'aikacin jinya na asibitin unguwa ya nuna taimakon gaggawa, ko ɗalibi daga Jami'ar André Salifou ya koya rubuta rahoto da wasiƙar neman izini daga ofishin magajin gari. Awa biyu, da safe. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, duk abin da aka sa bayan ƙarfe sha ɗaya asara ne. Abin da za ku kashe shi ne ruwa, kuma a garin nan kowa ya san ruwa ba abin da ake cewa "a samo a maƙwabta" ba ne. Ku sa kuɗinsa a lissafi tun farko, da na sukari da ganyen shayi.

Sauran

Kwamiti ya zauna sau ɗaya a wata, minti arba'in, tambaya uku: wa ya ɓace, wa ya gaji, wa ya isa a ƙara masa nauyi. Wanda kullum shi ne farkon zuwa da ƙarshen tafiya, ku tilasta masa hutu kafin ya ƙone. Faɗa tsakanin mutum biyu a kashe shi a zaure, da dattijo, ba a rukuni ba. Abin da ya shafi taɓa yaro ko cin kuɗi ya wuce sulhu: a dakatar da mutum, a sanar da biro da iyaye, in ta kama a kai hukuma.

Godiya a bainar jama'a ake yi. Ranar 3 ga Agusta bayan dashen itatuwa, ko 5 ga Disamba, ranar masu aikin sa-kai ta duniya, ku gayyato mai unguwa ya miƙa takardun yabo da hannunsa, a kira sunan kowa da na mahaifinsa. Buga takarda mai launi ba ya cin wani kuɗi.

Mai barin ƙungiya saboda aure, karatu ko tafiya, a ba shi takardar shaida mai hatimi da ta faɗi shekarun da ya yi da ainihin aikin da ya riƙe, domin ita zai sa a dosiyen neman aiki. Kada a sa shi ya yi ta sintiri a kanta, mako ɗaya ya isa. Shafinsa na kaye a bar shi, a rubuta sabuwar lambarsa. Idan wa'adin shekara ya cika, mutum biyu na kwamiti su sauka, uku su zauna, a miƙa kaye a gaban taro.